Ranar Sa Wa Motar Wuta

Daga Agege, bayan Abbatuwa
Zuwa ga Yaya Malam Shitu, Maigatari

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Yaya Asama'u da yara, ka yafe mini da na ɗora maka wahalar karatu, na san idon ma yanzu sai ana lallaɓawa. Da maganar waya ce da na kira. To kai sai an ɗaga murya kake ji, ni kuma bangon ɗakina katako ne, abin da na faɗa duk gidan haya ya ji. Shi ya sa na rubuta da ajamin da ka koya mini, na ba Mahbub direban shanu.

Maganar ɗanka ce, na farin. Lafiyarsa lau, aiki ma ya samu. Alhaji Abdulbaƙi mai ƙiraga ya sayo wata tsohuwar motar soja a gwanjo, aka jawo ta da sarƙa, aka ajiye a filin da ke gefen layin dogo, daidai ƙofar gidanmu. Ta girmi ɗanka nesa ba kusa ba. Ba gilas ko ɗaya, tsatsa ta cinye ƙasan mazaunin direba har kana hango ciyawa, ɓeraye sun gama da wayoyinta, kaza ma an tarar tana kwanci a ƙarƙashin kujera. Aikin bodi aka ba Baba Latifu, Bayaraben nan fanel-bita, abokin maigidana marigayi Jumare, wanda ka gani ya kama makara ranar jana'iza. Aikin waya kuma aka ba ɗanka, tunda a unguwar nan shi ne rewaya.

Ban taɓa ganin aiki ya shiga ransa haka ba. Ya ce wai ita ba irin sauran motoci ba ce, batir biyu take ci, wayoyinta kuma duk launinsu ɗaya, sai lamba da aka maƙala wa kowace. Haka yake bin su ɗaya-ɗaya daga gaba har baya, tuwo ya huce a kwano bai sani ba. Baba Latifu kuwa yana yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, ya yi walda, ya bi da guduma tun hantsi. Yana kiran ɗanka Malam Ba-wuta, shi kuma ya ce masa Baba Ƙwanƙwasa, wai ko a Aljanna sai ya nemi abin bugawa. Ina jin su daga inda nake tankaɗe, har ni ma in yi dariya.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne fenti. Da suka kankare tsohon, sai suka tarar da koren soja a ƙasa. Alhaji shuɗi ya so, amma ɗanka ya nace a mayar da ita yadda aka haife ta, Baba Latifu ya goyi bayansa, aka fesa kore. Filin nan kuwa ana rigima a kansa. 'Yan tashar ƙetaren layi, masu tare motocin danfo da okada, sun ce nasu ne, mahauta sun ce tun kakanninsu a nan suke sauke shanu. Kafin azumi an fasa wa wani lebura kai da kwalba, wannan da idona na ga jinin. Yanzu kullum sai na ga 'yan tashar sun jeru a kan layin dogo suna kallon motar.

Ni in na yi magana sai ya ce Inna ke dai yi mana addu'a. Kai yana jin maganarka. Ka sa shi ya sauya fentin, ko ka kira shi ya zo ya ɗan kwana biyu a wajenka.

Ka gaida kowa. Allah Ya ƙara girma.
Ƙanwarka, Batulu

*

Daga Maigatari
Zuwa ga Batulu

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, da warin shanu da komai. Muna lafiya, sai ƙafar Asama'u.

Ke dai har yanzu kina nan yadda na san ki, yarinyar da ƙadangare ke hana shiga banɗaki. Jabiru fa ba yaro ba ne, gemunsa ya fi nawa cika. Namiji ya karɓi aikin mutane, in ce masa ya yar ya gudo saboda fenti? Me zan ce wa Alhaji Abdulbaƙi in mun haɗu a kara wajen cinikin shanu? Fenti bai taɓa cizon kowa ba.

Irin motocin nan na san su, muna yara in sun wuce ƙasa har rawa take yi. In dai Jabiru ya tayar da guda daga kabari, to ya yi abin da za a faɗa. Ki ce ya ɗauki hotonta ya aiko wa Asama'u ta nuna mini. In ta tashi kuma ya tuƙo ta har nan, in hau gaba mu zaga kasuwa.

Rigimar fili kuwa, ku kuka zaɓi zaman Ikko. Da Jumare ya rasu na ce ki tattaro ki dawo, kika ce kabarinsa na can. To sai haƙuri da maƙwabta.

Ga kuka da man shanu nan wajen Mahbub. Ki duba kwalbar, in ta yi ƙasa shi ne.

Yayanki, Shitu

*

Daga Agege
Zuwa ga Yaya Malam

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso, Allah Ya saka. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna na dama bai gama saki ba.

Yaya, an zubar da jini. Zan faɗa maka abin da na gani daban, abin da aka faɗa mini daban, kada in ɗauki alhakin kowa.

Wanda aka faɗa mini shi ne mafarin. A teburin Souleymane mai shayi, mutumin Damagaram, wani ya tsokani ɗanka, ya ce wai gawar nan tasa yaushe za ta tashi. Shi kuma cikin raha ya ce, "Asabar za mu sa wuta, duk Agege sai ta ji." Batir yake nufi, Yaya, da ƙarar inji. Ashe akwai wani ɗan tasha a gefe yana shan shayi, irin masu tsintar Hausa a bakin hanya. Ya kwashi maganar ya haye layi da ita. Su ma a Yarabanci kalma ɗaya ce, wutar waya da wutar gobara, don haka ko da aka juya ta ba ta gyaru ba. Kafin la'asar zancen ya zama Hausawa sun kawo motar soja, ranar Asabar za su cinna wa tasha wuta. Iya Mansura, maƙwabciyata mai sayar da barkono, ita ta zo ta raɗa mini a bakin famfo, don 'yarta Mansura na sayar da burodi a tashar. Na faɗa wa ɗanka, ya yi dariya har da riƙe ciki.

Wanda na gani kuma ranar Alhamis ne da hantsi. Ina shanya, ɗanka na kwance a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje, Baba Latifu yana daidaita bamba. Sai ga su sun tsallako layi, da adduna, da katako mai ƙusa, da kwalabe. Ta ƙafa suka fizgo ɗanka, kansa ya bugi matakalar ƙarfe. Kafin ya miƙe wani ya sare shi a kafaɗa, rigar ta rabe, na ga farin nama kafin jinin ya rufe shi. Baba Latifu ya shiga tsakani yana ta yi musu bayani da yarensu, yana nuna musu batir ɗin a ƙasa. Wani mai tabo a leɓe ya ce masa bawan Hausawa. Suka danne shi, suka ɗora hannunsa na dama a kan bambar da yake gyarawa, suka ɗauki gudumarsa. Ban ƙirga ba. Na dai ji ƙarar ta sauya daga ta ƙarfe zuwa wata iri.

Ban san lokacin da na isa wajen ba, na tsinci kaina kwance a kan ɗanka, katako ya same ni a hannu da baya. Souleymane ya taho da butar shayinsa ya watsa wa biyu tafasasshen ruwa, sai aka caka masa fasasshiyar kwalba a wuya. Ya zauna a ƙasa yana toshe wajen da hularsa, yana kallonmu kamar mai neman a ba shi uzuri. Kafin mahauta su iso daga Abbatuwa da wuƙaƙensu ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Maharan sun watsa wa motar fetur suna gudu, amma tamfol ɗin baya kawai ya ci.

An yi wa ɗanka ɗinki. Baba Latifu yana asibiti, an cire masa yatsu, babban ne kawai ya rage da ɗan guntun na kusa da shi.

Abin da ya fi saran tayar mini da hankali shi ne, tun da aka binne Souleymane ɗanka bai ƙara dariya ba, kuma ya koma ƙarƙashin motar da ɗinkinsa, da hannu ɗaya yake naɗa salatif. Samarin mahauta suna zagaye da shi, su ke miƙa masa kayan aiki. Na ji suna cewa a ƙafa ba za su iya haye layi ba, za a hango su, amma koriyar mota babu mai tare ta, kowa zai ɗauka sojoji ne. Alhaji Abdulbaƙi ya aiko a kai masa makulli, ɗanka ya ce a gaya masa irin wannan ba ta da makulli, maɓalli ne kawai. Manyan unguwa na ɓangarorin biyu suna ta zaman sulhu, amma samarin ba sa zuwa.

Na zaunar da shi na ce wutar da aka yi maka ƙarya da ita, kai kuma za ka mayar da ita gaskiya? Sai ya ce, "Inna, da gudumarsa fa suka yi."

Yaya, ba shawara nake nema yanzu ba. Ka rubuto masa da kanka, ka ce ka umarce shi ya taho. Mahbub zai juyo da wuri, ka ba shi.

Ƙanwarka, Batulu

*

Daga Agege
Zuwa ga Yaya Malam

Assalamu alaikum. Ban jira amsarka ba, don abin da nake tsoro ya riga ta. Wannan na ba wani yaron Alhaji da zai bi motar haya, bai san abin da ke ciki ba.

Baba Latifu ya aiko matarsa daga asibiti, ta ce wa ɗanka in ji shi, hannunsa ne ba na kowa ba, kuma ya bar wa Allah. Ta kuma ce ya tuna masa makaniki bai taɓa birki ba tukuna, bodi da waya kaɗai aka yi. Ɗanka ya gaishe ta da ladabi, ya raka ta har bakin titi, ya dawo ya ɗaura batir.

Bayan sallar la'asar ne. Motar ta yi tari sau da yawa, ta fitar da baƙin hayaƙi, sai ta kama. Kwanukan ɗakina suka ɗau rawa. Fitilunta suka kawo tun da sauran rana, ɗanka ya danna hon, tattabarun unguwa suka tashi gaba ɗaya. Ba zan ɓoye maka ba, a wannan ɗan lokacin sai da na ji wani abu kamar alfahari, Allah Ya yafe mini. Sannan na ga samarin suna hawa baya, da wuƙaƙen fiɗa da barandami, wasu ko rigar aiki ba su cire ba.

Na fito ba mayafi. Na kama ƙofar direba, ta yi mini tsawo. Sai na kira sunansa, Yaya, ni da ban taɓa kama shi ba tun ranar da aka raɗa masa. Da ƙarfi na kira, a gaban maza. Bai waiwayo ba. Ko ƙarar inji ce, ko bai san sunan da muryata ba, Allah ne masani. Motar ta haye layin dogo tana tangaɗi.

Abin da ya faru a can ban gani ba. Na ji ƙarar ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, na ji ihu, daga baya na ga hayaƙi. Waɗanda suka dawo sun ce da aka hango ta mutane sun watse ana cewa soja, har 'yan tashar ma. Ta shiga gangaren tashar da gudu, ba ta tsaya a inda samarin suka so dira ba. Ta murƙushe danfo, ta bi ta kan rumfunan masu saye da sayarwa, sai da ta daki bangon wani shago. Da 'yan tashar suka gane ba soja ba ne suka juyo. An yi sara a cikin bodin motar da ƙarƙashinta. Shafi'i ɗan Sarkin Fawa an dawo da shi a baro, hanjinsa a cikin rigarsa, bai kai magariba ba. Mai tabo a leɓen nan an ce shi ma an yanke masa jijiyar ƙafa, an bar shi yana jan ciki. Motar kuma wannan karon sun ƙone ta ƙurmus.

A cikin rumfunan da ta taka har da ta Mansura. Tana ɗaure burodi a leda. Yarinyar da na yi wa kitso tun tana rarrafe.

Ɗanka ya shigo ta bayan gida a ƙafa, gashin girarsa ya babbake, ɗinkin ya farke, jini har cikin takalmi. Na zaunar da shi na wanke, na yaga zanena na ɗaure. Bai yi kuka ba. Abu ɗaya ya ce, ya kuma maimaita shi, "Inna, na taka birki." Ban ce masa na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Ban gani ba.

'Yan sanda sun shigo unguwa suna kamen duk wanda aka gani da rauni, 'yan tashar kuma sun san fuskarsa, sun san ƙofarmu. Akwai wata tirelar shanu da ta sauke za ta koma Arewa ba kaya, direbanta Ismaël ne, ɗan'uwan marigayi Souleymane. Na durƙusa masa. Ya kwantar da ɗanka a baya ya rufa masa buhuna da ciyawa. Na ce ya kai shi ƙofarka, kada ya sauke shi ko'ina.

Da safe na shiga ɗakin Iya Mansura gaisuwa. Na daɗe a bakin ƙofa kafin in iya ɗaga labule. Danginta na zaune a ciki. Na zauna a ƙasa na yi mata ta'aziyya da Yarabancin da na iya. Ba ta kore ni ba, ba ta kuma dube ni ba. Ban san ko daidai na yi da na fitar da shi ba, alhali ita tata tana kwance. Kai ka yi karatu fiye da ni, wata rana ka gaya mini. Yanzu dai ka karɓe shi, ka sa a duba kafaɗar.

Kada ka sa a kira ni a waya, ana karɓar wayoyin mutane ana dubawa.

Ƙanwarka, Batulu

*

Daga Maigatari
Zuwa ga Jabiru, ta hannun mahaifiyarsa

Jabiru, Kawunka ne Shitu. Na karanta abin da aka yi maka da Latifu da bawan Allah mai shayi. Ban yi barci ba.

Ba roƙonka nake ba. Ka cire batir ɗin nan ka kai wa Alhaji Abdulbaƙi har gida, ka hau motar Mahbub ka taho. In ka ɗora hannu a sitiyarin nan ban yafe ba. Masu zuga ka kowa yana da uwa a gida, amma kai za a ce ka tuƙa. Akwai aikin waya a nan ma, injinan ban-ruwa sun cika gari babu mai gyara.

Batulu, ki karanta masa a gabanki, ki sa ya amsa da bakinsa. Maganar fenti da na yi, ki bar ta, ke kika gani ni ban gani ba. Ki shafa man shanun a hannun, da ɗumi.

Shitu

*

Daga Agege
Zuwa ga Yaya Malam

Assalamu alaikum. Takardarka zuwa ga ɗanka ta iso yau. Mahbub ya ce motarsa ce ta lalace a Mokwa. Na karanta, na gode, na ajiye masa.

Labari ya zo cewa an tare tirelar Ismaël a bakin fita gari, an sassauke na baya ana dukansu. Wani ya ce ya ga mai ɗaurin kafaɗa ya dira ya shiga daji. Wani ya ce ba a taɓa buhunan ba, motar ta wuce da shi. Wani kuma ya ce ba tirelar Ismaël ba ce ma. Na je asibiti biyu da inda ake ajiye gawa, an buɗe mini fuskoki, ba ya ciki.

Mahbub zai juya gobe, na roƙe shi kada ya tsaya lodi a hanya. In yaron ya iso, ko layi ɗaya ne ka rubuto. In bai iso ba, shi ma ka rubuto, kada ka ɓoye mini don tausayi.

Don Allah, Yaya, ka ba ni amsa da wuri.

Ƙanwarka, Batulu